Ba a Banɗaki Ya Zame Ba

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa in kashe Inna, ba zan kashe ta ba. Ku karanta tukuna.

Ga wanda ya shigo yanzu: Tsani magini ne, tsawonsa ya ja masa sunan. Ya faɗo daga bene a wurin aiki, diddigensa na dama ya dagargaje. Abokan aikinsa, waɗanda Kawunsa ke shugabanta, suka wanke masa siminti, suka sauya masa riga, suka kawo shi gida. Daga nan aka wuce asibiti aka ce a banɗaki ya zame. Haka maginan suke yi tun fil'azal, don wurin da aka ji an faɗo ana tsayar da aikinsa, mai kwangila kuma ya sallami kowa ya ɗauko wasu. Matarsa, wadda unguwa ke kira Tela saboda kekenta na ɗinki, ta yarda a ce ita ta bar ruwan sabulu a ƙasa. Tun daga ranar, Inna, uwar mijin, ba ta bar ta ta sha ruwa da daɗi ba.

*

Layin ɗakin gashin ƙashi ya kai har ƙarshen baranda.

Da ba haka yake ba. Da katin inshorar lafiya na ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni. Sauran mutane, wanda ya karye ya nemi maɗori, ko ya ja ƙafarsa ya yi shiru. Tun da aka buɗe katin ga kowa sai ga su sun fito: 'yan babur, masu walda, mahauta, wata mai wanki da hannu a rataye a wuya. Har da wani dattijo da ya karye tun yana saurayi, sai bana ya zo a duba masa.

Tsani yana zaune a bakin benci, sandunansa a jingine. Yana ta gyara zama. Tela na gefensa da wata riga a cinya tana yi mata maɓalli.

Matar da ke kusa da Inna ta leƙo.

"Mama, me ya sami ɗan naki? Babur?"

"Sabulu," in ji Inna.

"Sabulu kuma?"

"Mutum shekara da shekaru yana hawa bene bai faɗo ba, sai a gidansa aka kayar da shi. Akwai matan da in sun yi wanki, sai ka ce gulbi ya ratsa gidan."

Matar ta dubi Tela ta kawar da kai. Tela ta ciji zare ta yanke.

"Inna," in ji Tsani a hankali.

"Ƙarya na yi?"

Aka kira su.

Likitar gashin gajeriya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton ƙafar ta duba a hasken taga, ta daɗe tana dubawa. Ta kwance ɗaurin, ta murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ke ciwo?"

"Ƙafar ce kawai."

"Juya mini baya."

Ya juya. Ta bi gadon bayan da babban yatsa tun daga wuya. Da ta iso kusa da ƙugu ta danna, Tsani ya kama ƙarfen gadon har jijiyar hannunsa ta tashi. Bai yi ƙara ba.

"Ƙafar ce kawai," in ji Likita.

Ta koma kujerarta.

"Malam, banɗakin naku a saman bene yake?"

"A ƙasa yake."

"Akwai rijiya a cikinsa?"

"Babu."

"To. Wanda ya zame, ƙugu yake bugawa, ko gwiwar hannu, ko ƙeya. Diddige ba ya dagargajewa haka sai mutum ya diro daga sama a tsaye. Kuma wanda ya diro a tsaye, nauyin ba ya tsayawa a ƙafa. Yana haurawa har baya."

"Zamewa na yi, Likita. Tayil ɗin ne da santsi."

"Kati bai tambaye ka inda ka faɗi ba. A gida ne, a titi ne, a wurin aiki ne, magani ɗaya zai biya. Ni ma ba aikina ba ne kai ƙarar kowa."

"To me ya sa ake tambaya?"

"Saboda ɗakin hoto layi biyu gare shi. Wanda ya zame yana ciwon baya, zai jira har a zo kansa, kuma ka ga jama'ar da ke waje. Wanda ya faɗo daga sama, yau za a shigar da shi. In ƙashin bayanka ya tsage kana ta dogara sanda a kansa, wata rana za ka tashi ka tarar ƙafafun sun daina jin maganarka. Ba zan rubuta abin da ba ka faɗa ba. Wane layi zan sa ka?"

Tsani ya dubi matarsa. Tela ta dubi rigar da ke hannunta. Ta yi masa alkawari ranar da aka kawo shi, gaban Kawu, cewa bakinta ba zai buɗe ba.

"Layin masu zamewa," in ji Tsani.

Likita ta ɗauki biro.

"Auta."

Inna ce. Ba da muryar baranda ta yi magana ba.

"Hawa nawa ne benen?"

Tsani ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Hawa nawa?"

"Biyu, Inna."

"Kin ji, Likita. Rubuta masa na yau."

*

Aka kwantar da shi a gadon turawa aka shige da shi ɗakin hoto. Matan biyu suka zauna a bencin ƙofa, jakar kaya a tsakaninsu.

Tela ta ninke rigar ta sa a jaka.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnensa. Sun wanke fuska, sun wanke hannu, sun manta da cikin kunne. Siminti cike. Maza ba su iya wanka ba, balle su yi wa wani."

"Kin sani, kuma kika bi ni gida gida."

"Na bi ki."

"Kin kira ni ƙazama gaban matan unguwa."

"Na kira."

"Kin ce ko kaza ba za ta sha ruwa a kwanona ba."

"Wannan gishiri na ƙara."

Tela ba ta yi dariya ba.

"Masu kawo mini ɗinki har sun fara janyewa. Wata ta aiko a karɓo mata yadinta, wai kada ya yi ƙarni."

Inna ta gyara mayafinta.

"Ƙarya tana son mai kururuwa, 'yar nan. In an ce ɗana ya karye saboda sakacin matarsa, ni kuma na zauna ina yi miki murmushi, wa zai yarda? Kafin la'asar magana ta kai kunnen mai kwangila."

"Sai a kaina za a yi kururuwar."

"A kan wa aka saba yi? Ni man girki aka ce na zubar a tsakar gida."

Tela ta juyo.

"Baban su Auta," in ji Inna. "Shi ma bene ne. Wannan Kawun naku, ƙanena, a lokacin gemu bai fito masa ba, shi ya riƙe ƙafafun aka shigo da shi. Suka ce, Yaya, ki ce mai kika zubar. Na ce to. Tawa uwar mijin ba ta ga kunne ba, ita da gaske take yi. Har ta mutu ba ta ƙara cin abin da na dafa ba."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin. Tana da hannun duka."

Wani ma'aikaci ya wuce da kwalaben ƙarin ruwa. Inna ta jira ya yi nisa.

"Kada ki ce mugunta ce. A lokacin, aikin shi ne asibitinmu. In suna kan aiki za su cire masa rabonsa, a biya maɗori, a ci abinci. In aka kore su, babu maɗori babu tukunya. Maɗorin kuwa ya yi ƙoƙari, ƙafa ta haɗu. Baya ne ba wanda ya duba, don ba wanda ya ce daga sama ya zo. Da farko ya ce yatsunsa sun yi sanyi. Daga baya ya zauna a ƙofar gida. Auta bai taɓa ganin ubansa a tsaye ba."

Tela ta dubi ƙofar ɗakin hoton.

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun a ranar farko?"

"Na ga an yi masa aiki, an sa ƙarfe, ba a karɓi ko keken ɗinkinki jingina ba. Na ce shi ke nan, zamani ya gyara abin. Sai jiya na ga yana murza yatsun ƙafar hagu yana kallonsu. Ta hagu, wadda ba ta karye ba."

"Na gani ni ma."

"Kin gani kika yi shiru."

"Alkawari na yi."

"Ni ma na yi. Ga inda nawa ya kai ni." Inna ta miƙa hannu. "Ba ni jakar nan."

"Ba ta da nauyi, Inna."

"Na ce ba ni."

Tela ta ba ta. Inna ta ɗora a cinyarta ta rungume. Tun da aka kawo Tela gidan, ba ta taɓa ganin Inna ta riƙe mata ko allura ba.

"Mai yadin nan," in ji Inna, "wace ce?"

"Matar mai gyaran rediyo."

"Wadda 'ya'yanta ke yawo da majina? Zan je da ƙafata in dawo da shi."

*

Ƙashi ɗaya ne ya tsage, can ƙasa, bai goce ba. Likitan ƙashi ya nuna musu a hoto, wani ɗan layi kamar gashin kai. Ya ce za a ɗaura masa ɗamarar baya, ya kwanta, ya daina dogara sanda sai an ce. Zai warke, zai taka. Hawa bene kuwa ya cire shi daga ransa har wani lokaci mai tsawo.

"Da kun ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi," ya ce, ya kira na gaba.

A cikin motar haya Tsani ya kwanta a kujerar baya, kansa a cinyar uwarsa. Tela na gaba.

"Magana ta tsaya a asibiti," ya ce. "Don Allah. Kawu zai ce na sayar da su."

"Bayanka ka saya," in ji Inna.

"Inna, kati ya biya asibiti, amma ba ya ɗora tukunya. In aka kore su, gida nawa ke nan? Ni kaina in na warke wa zai ɗauke ni? Za a ce ga mai faɗowa."

"Kekena yana ɗora tukunya," in ji Tela ba ta waiwayo ba. "In an bar shi."

"Har yaushe?"

"Har ka tashi. Kuma ka iya tayil. Banɗakinmu wa ya yi?"

"Aikin durƙuso ne wannan."

"Daga durƙuso ba a faɗowa."

Direba ya yi dariya, ya ba da haƙuri.

"Tayil ɗin da ka ce yana da santsi," in ji Inna. "Ka ɓata wa matarka suna, ka ɓata wa aikinka suna, a rana ɗaya."

Tsani ya rufe ido. Yana murmushi, bai so a gani ba.

*

La'asar ta yi a gidan cikin kwanciyar hankali.

An cire katifa an shimfiɗa masa bargo a kan katakon gado, kamar yadda aka ce. Ƙofar ɗakin a buɗe take, yana kallon tsakar gida. Yana motsa yatsun ƙafar hagu, suna amsawa.

Yaransu ba su dawo daga makarantar yamma ba. Tela na tsugune bakin famfo tana wanke musu kaya, bokiti cike da kumfa. Inna ta fita ta dawo da yadin matar mai gyaran rediyo a hammata, ta ajiye shi a kan keke. Ta haɗa shayi kofi uku. Ta kai wa ɗanta, ta ajiye wa Tela a kan bulo kusa da famfo.

"Na sa sukari biyu."

"Na gode, Inna."

"Kada ki saba."

"Me kika ce wa matar?"

"Na ce na tsufa, bakina ya fi hankalina sauri. Ta ce dama ta lura."

Tela ta yi dariya har kumfa ya tashi mata a hanci.

Sai ga ƙarar motar kaya a ƙofar gida, ta tsaya da birki mai ƙarfi. Ba a yi sallama ba. Maza huɗu suka shigo da baya da baya, suna ɗauke da faffaɗan katako. Kafinta ne a gaba, abokin Tsani, rigarsa jiƙe da gumi.

A kan katakon Kawu ne. Fari fat da ƙurar siminti tun daga gashi har takalmi. Ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Ruwa," in ji Kafinta. "Maman yara, ruwa da tsumma. A ba mu riga ɗaya ta Tsani."

"Daga ina?" in ji Inna.

"Katakon tsayuwa ne ya karye. Hawa na farko."

"A tsaye ya diro?"

"A tsaye."

"Me ya kawo ku nan? Ba shi da gida?"

Kafinta ya sosa ƙeya.

"Nan ya fi kusa, Inna. Kuma banɗakin ya riga ya yi suna."

Daga cikin ɗaki Tsani ya yi yunƙurin tashi.

"Kwanta," in ji Inna da Tela a tare.

Kawu ya buɗe ido. Leɓensa ya bushe.

"Yaya."

"Ina jin ka."

"Ziyara na zo. Na shiga in yi alwala. Kin gane."

"Na gane tun kana ba gemu."

"Ku sauke ni ku wanke ni, ku me kuke jira?"

Mazan suka sunkuya za su ɗaga shi daga katakon.

"Wanda ya ɗaga shi, zan karya masa tasa ƙafar," in ji Inna. "Ku ajiye katakon a miƙe yadda yake. A kansa zai koma mota, a kansa zai shiga asibiti. Da simintinsa."

"Inna, aikin..."

"Katinsa na ina?"

"Yana aljihunsa," in ji Kafinta. "Ke kika ja mu muka yi."

"To an gama."

Kawu ya kama gefen zanenta.

"Yaya, gida goma ke ci a wurin nan. Ki tuna wa ya ciyar da ku."

"Na tuna. Na kuma tuna wa ya zauna a ƙofar gida har ya mutu. Motsa mini yatsunka."

Ya motsa. Na dama suka amsa. Na hagu suka yi jinkiri.

Kafinta ya juya ga Tela, don ita ce mai bokiti a hannu.

"Maman yara, ke kin san yadda ake yi. Kin rufa mana asiri sau ɗaya, Allah ya saka. Ɗan goge fuska kawai da hannu."

"Za ku manta da kunne," in ji Tela.

"Me?"

Wata mota ta tsaya bayan ta kayan, ƙarama, injinta ba ya ƙara. Aka rufe ƙofa a hankali. Mazan suka dubi juna. Ɗaya ya cire hularsa.

Mai kwangila ya yi sallama ya shigo, riga fara, makulli a yatsa. Ya dubi Kawu a kan katako. Ya dubi simintin da ke gashinsa. Ya dubi Tsani ta ƙofar ɗaki da ɗamara a baya. Mutum ne da ya san abin da yake gani, kuma ya san abin da ya fi son ji.

"Sannunku da gida," ya ce. "An ce mini dattijo ya zo ziyara ya zame."

Kafinta yana kallon ƙasa. Kawu yana kallon yayarsa. Inna ta buɗe baki, sai ta fasa, ta juya ta dubi surukarta.

Mai kwangila ya bi idonta.

"Ke ce matar gidan? A banɗakinki ne kuma?"

Tela ta ajiye bokitin. Ta goge hannu a zane.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "shiga ka duba. Banɗakina a bushe yake."